Gogaram, garin da ya ƙi bauta

1/ Mu a Haɗeja mun haddace labarin Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato ya addabi maƙwabta. Labarin waɗanda ake kamowa bayi kuwa, shiru kake ji.

2/ Badawa, mutanen fadamar kogin nan, sun sha hari. Sai suka taru ƙarƙashin Lawan Babuje, suka kewaye Gogaram da ganuwa. Can Buhari ya kai yaƙi a 1863, can kuma ajalinsa ya same shi.

3/ Yanzu ana bikin kamun kifin Bade a Gogaram, jihar Yobe. Ni dai so nake makarantunmu su kai yara su ga wurin, a shirya wasan kwaikwayo kan yaƙin. Da Badanci fa, ba Hausa kaɗai ba.