Gilashin da Ake Tsomawa a Gishiri

A shekarar 1920 injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya nuna cewa ƙananan tsagu da ido ba ya gani su ke karya gilashi. Da zarar an tanƙwara shi, sai tsagar ta buɗe baki ta zarce.

Kamfanin Corning na Amurka ya fito da maganin haka a 1962, da gilashin Chemcor. Ana tsoma gilashi ne cikin narkakken gishirin fotashiyam mai zafin kusan digiri 400. Ƙwayoyin sodiyam sai su fita daga fatar gilashin, na fotashiyam, waɗanda suka fi su girma, su cusa kai a gurbinsu. Cunkoson shi ke matse bakin kowace tsaga.

Sai dai aikin na da sharuɗɗa. Gilashi mai yawan alumina ya fi karɓar musayar. In zafi ya yi yawa, matsin ya saki. In an yi gaggawar tsamewa, fotashiyam bai shiga ciki sosai ba. Ƙwayar yashi kuwa, in ta karce shi ta zarce wannan siririyar fata, ƙarfin ya tafi. Shi ya sa ake yanka shi a goge gefensa tun kafin a tsoma.

Chemcor bai yi kasuwa ba saboda tsada. Sai a 2007, da Apple ya nemi gilashin iPhone, masana'antar Corning da ke Harrodsburg a jihar Kentucky ta farfaɗo da dabarar, aka samu Gorilla Glass.