Masu gina shafukan intanet: Daga ina suke fitowa, ina aikin ke kai su?

Mai gina shafukan intanet shi ne wanda ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi wajen nuna shafi da sarrafa bayanan masu shiga cikinsa. Wasu na kula da fuskar shafin da harsunan HTML da CSS da JavaScript, wasu kuma na kula da rumbun bayanan da ke ɓoye a bayansa da harsuna irin su PHP da Python. Akwai masu haɗa duka biyun.

Sana'ar ba ta da ƙofa guda. Tim Berners-Lee, ɗan Birtaniyan da ya ƙirƙiro tsarin shafukan a 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN, kimiyyar fiziks ya karanta a Jami'ar Oxford. A Najeriya akwai majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta ta CPN tun 1993, amma a kasuwa abin da mai ba da aiki ya fi tambaya shi ne shafukan da mutum ya riga ya gina.

Duk da haka, karatun jami'a na da nauyinsa. Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa kamfanin biyan kuɗi na Paystack a 2015, duk sun karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Babcock, kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye nasu a 2020 kan fiye da dala miliyan 200. A Jihar Nasarawa ana karanta wannan fanni a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jiha da ke Keffi da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa.

Wata hanyar ita ce horo na gajeren lokaci. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya yi suna wajen horas da matasa yana haɗa su da kamfanonin ƙetare. A 2023 Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, ya ƙaddamar da shirin 3MTT domin koya wa mutum miliyan uku sana'o'in fasaha tare da hukumar NITDA.

Sai kuma masu koya wa kansu, waɗanda ba a cika ambatonsu ba. Wasu daga shagon kwamfuta suka fara, suna yi wa ɗalibai rajistar JAMB, kafin su koyi haɗa shafi da manhajar WordPress. Aikinsu na farko yakan zama shafin makaranta ko otal ko ƙungiya. Daga nan wani ya samu gurbi a banki ko ma'aikata a Abuja, wani kuma ya zauna a gida yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyansa da dala.

Wannan aiki na nesa ya dogara ne kacokan kan wutar lantarki da intanet mai ƙarfi. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da babbar tashar rarraba wuta da ke Akurba a gefen Lafiya, bayan shekarun da babban birnin jihar ya shafe yana fama da ƙarancin wuta. Ga matashin da aka ba wa'adin miƙa aiki, ɗaukewar wuta na yini guda na iya raba shi da abokin ciniki.