Mahaɗar Gashi da Gashi

A shekarar 2014 wata masaniyar kayan tarihi mai suna Jolanda Bos ta ba da labarin abin da aka tono a maƙabartar Amarna, birnin da Fir'auna Akhenaten ya gina a Masar fiye da shekara 3,300 da suka wuce. Gawar wata mata ce da aka naɗe a tabarma, ba a yi mata irin gyaran da ake yi wa gawar sarakuna ba. Amma a kanta akwai ƙarin gashi kusan 70, an ɗaɗɗaura su hawa-hawa. A wani ƙoƙon kan kuma an ga baƙin gashi gauraye da furfura, alamar daga kawunan mutane daban-daban aka samo shi. Ko wace ce makitsiyar, ta iya aikinta, tunda har yau ɗaurin bai kwance ba.

Tun daga wancan zamani, duk wahalar wannan sana'a a wuri ɗaya take: inda baƙon gashi ya haɗu da na kai. A nan ake gane gwana, a nan kuma ake kama 'yar koyo.

Mu da muka taso a gidajen Musulmi mun san hukuncin kafin mu san tarihin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mu'awiya, a shekarar da ya yi aikin hajji, ya hau mumbari a Madina da curin gashi da ya karɓa daga hannun wani dogari, yana tuna wa jama'a hanin Annabi (SAW). Saɓanin malamai a kan zare da ulu kuwa, mu bar musu. Abin da ba a musu a kansa shi ne ana yi, a Sabon Gari ana yi, a cikin birni ma ana yi, ɗankwali ne kawai ke rufawa. Kakanninmu da ke yin doka da tsumma suke tayar da ita, jikokinsu kuma suka koma acuci maza. Sai dai tsumma zama yake yi a kan kai, ba ya jan saiwar gashi.

Ɗinkin da ake yi a shagunan gyaran gashi yau daga Amurka ya samo asali. Christina Jenkins, baƙar fata da ta taɓa aiki a kamfanin hular gashi a Chicago, ta ga yadda ake maƙala gashi da fil da ƙarfe, abu ya yi tudu, ya zame a tsakiyar taro. Sai ta ƙirƙiro hanyar saƙa gashin mace da zare a yi masa tushe, sannan a ɗinke na saye a jikinsa. A 1952 aka ba ta takardar mallakar fasahar. Ta magance zamewa, amma nauyin duka ya koma kan saiwa.

Sai kuma aka sami araha. A 1957 kamfanin Kaneka na Japan ya fara yin zaren roba mai suna Kanekalon, wanda daga shekarun 1980 ya cika kasuwannin Afirka. Irinsa ne muke kira gashin doki, ko da yake babu doki a ciki. Mai kuɗi ta sayi na mutum, wanda galibi daga Indiya yake fitowa, inda masu ibada ke aske kansu a wurin bauta na Tirumala a yi gwanjon gashin, ko daga masana'antun Xuchang na ƙasar Sin. Da kaya suka yi arha, sai tsawo ya ƙaru, kitso ya sauko har ƙugu, hannuwan da ba su ƙware ba kuma suka yi yawa.

Mun saba auna aikin da ido. In zare ya leƙo, ko layin ɗinki ya yi tudu a ƙarƙashin gashi, ko launi bai zo ɗaya ba, ko gam ya bushe ya yi fari a goshi, nan take ƙawaye za su ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wannan aibi ne mai sauƙi, tsifa ɗaya ta raba ki da shi. Wanda ya fi shi muni sau da yawa kyau yake yi a hoto. Kitso ne da aka ɗaure tamau har fatar kai ta ɗago a gindinsa, gira ta haye sama, mace ta kasa sa kai a matashi sai ta sha maganin ciwon kai. Kwana biyu sai ƙananan ƙuraje su feso a goshi da ƙeya. Ko a ɗora dami guda a kan 'yan silin gashin gefen kunne da ba su kai su ɗauke shi ba. Ko a bar shi wata uku, gindin ya cukurkuɗe, ruwan wanki ya ƙi bushewa a ƙarƙashi, ya fara tsami. Makitsiya za ta ce, "Yi haƙuri, Hajiya, zai saki." Lallai yana saki, amma wani lokaci saiwar ce ta saki.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan sanƙo. Tun 1907 aka fara bayaninsa, a kan matan Greenland masu tamke gashi da ƙarfi. A 2007 likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka duba mazauna unguwar Langa a Cape Town, suka same shi a kan kusan mace ɗaya cikin uku. A 'yan mata 'yan makaranta kuwa, kusan 17 cikin ɗari. Ya fi tsanani idan aka ɗora ƙarin a kan gashin da aka riga aka miƙar da rilaksa.

In an kwance da wuri, gashin yakan dawo. In aka shekara ana ja, ramin da yake tsirowa ya toshe da tabo, man kaɗanya da man darbejiya ba su da abin da za su tayar. Akwai alamar da likitocin ke dubawa: siririn layi na ƙananan gashi da ya rage a bakin goshi, waɗanda suka yi wa hannun makitsiya gajarta, bayansu kuma fili fetal. Da yawa cikinmu mun sha ganinsa a gidan biki, lokacin da wata ta zame ɗankwali za ta gyara ɗauri.