Rigar da Ta Yi wa Shafi Nauyi: Tarihin Ado da Sauri a WordPress

A ƙarshen 2002, wani Bafaranshe mai suna Michel Valdrighi ya daina kula da b2/cafelog, manhajar wallafa rubutu a intanet da ya ƙirƙira, aka kuma daina jin ɗuriyarsa. Cikin masu amfani da ita akwai Matt Mullenweg, ɗalibi ɗan shekara 19 a birnin Houston na Amurka, wanda a Janairun 2003 ya bayyana niyyar ɗorawa daga inda aka tsaya. Mike Little, daga Stockport a Ingila, ya amsa kiran, kuma ranar 27 ga Mayu, 2003, suka fitar da WordPress. Abin da ya ba su wannan dama shi ne lasisin GPL, wanda ya halatta wa kowa ya ɗauki manhaja ya gyara ya raba, bisa sharaɗin cewa abin da ya gina daga gare ta shi ma zai zama a buɗe. Wannan sharaɗi ne zai tayar da ƙura daga baya.

Da farko, duk mai son sauya kamannin shafinsa sai ya kutsa cikin fayilolin manhajar kanta. A Fabrairun 2005, fitowa ta 1.5 ta raba jiki da sutura: rubutu na zaune a rumbun bayanai, kamanni kuwa, wato launi da salon haruffa da jerin sassa, suna cikin jaka guda da za a iya cirewa a sa wata, kamar yadda ake sauya riga. Rigar da ke zuwa da manhajar ita ce Kubrick, mai shuɗin goshi, aikin Michael Heilemann ɗan ƙasar Denmark. Ta yi shekara biyar a wannan matsayi, sai a Yunin 2010 Twenty Ten ta gaje ta.

Inda aka samu riga, za a samu kasuwar tela. A 2008 kamfanin Envato na Ostireliya ya buɗe ThemeForest, dandalin sayar da rigunan shafi, nan da nan kuma tambaya ta taso: shin rigar da aka ɗinka don kuɗi tana ƙarƙashin GPL? Rikicin ya kai ƙololuwa a 2010 tsakanin Mullenweg da Chris Pearson, mai rigar Thesis, wanda ya dage cewa aikinsa nasa ne. A ƙarshe Pearson ya raba lasisinsa biyu: abin da aka rubuta da harshen PHP ya shiga GPL, hotuna da tsarin ado suka zauna a hannunsa.

Sai dai illar kasuwar ba a lasisi ta fi bayyana ba. Mai saye yana zaɓen riga ne da ido, a shafin gwaji, ba ya auna nauyinta. Saboda haka masu sayarwa suka shiga gasar cusa komai a riga ɗaya: hotuna masu zamewa, salon haruffa iri-iri, tsarin kanti, tsarin jarida, tsarin asibiti. Mai shafi zai yi amfani da kaɗan daga ciki, amma sau da yawa wayar mai karatu sai ta sauke kayan da ba za ta taɓa nunawa ba. Wanda ke sayen data da kuɗinsa a Kano ko Maradi, yana buɗe jaridar Hausa a kan wayar da ba ta da ƙarfi, shi ke biyan kuɗin adon da bai gani ba. Akwai kuma haɗarin tsaro. A Disambar 2014, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna SoakSoak ta kama shafuka sama da 100,000 ta wata kafa a Slider Revolution. An riga an toshe kafar a sabuwar fitowa, amma da yawa sun samu manhajar ce a ƙunshe cikin rigar da suka saya, ba su ma san tana nan ba, balle su sabunta ta.

Nauyi na biyu daga ginin WordPress yake. Duk lokacin da baƙo ya buɗe shafi, sabar ce ke tambayar rumbun MySQL, ta harhaɗa shafin daga tushe. Idan baƙi suka yi yawa a lokaci guda, ƙaramar sabar sai ta durƙushe. Maganin da ya yaɗu shi ne dafa shafin sau ɗaya a ajiye, a riƙa miƙa wa kowa. Aikin da WP Super Cache na Donncha Ó Caoimh ke yi ke nan tun 2007.

Abin da ya tilasta sauyi na gaske, ba tausayin mai karatu ba ne, tsoron Google ne. A 2010 kamfanin ya sanar cewa saurin shafi na cikin abin da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. A 2020 ya fito da ma'aunan Core Web Vitals, ciki har da ƙa'idar cewa babban abin da ke kan allo ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. WordPress ta riga ta fara gyara: tun Disambar 2015 take aika wa kowane allo hoto daidai girmansa. A Agustan 2020, fitowa ta 5.5 ta sa hotuna su jira har mai karatu ya gangaro kusa da su kafin a sauke su.

Dabarar ta zo da nata cikas. An yi wa kusan duk hotuna kuɗin goro, har da na saman shafi, wanda galibi shi ne Google ke aunawa, sai ga gyaran da aka yi don sauri yana jinkirta abin da ido ke fara nema. Ba a warware wannan ba sai a fitowa ta 5.9, a Janairun 2022, inda aka keɓe hoton farko daga jira. A fitowar nan ce kuma Twenty Twenty-Two ta zo, riga ta farko daga gidan WordPress da aka gina gaba ɗaya da tubalan editan Gutenberg, wadda mai shafi ke iya sauya goshinta da gindinta ba tare da ya rubuta layi ɗaya na PHP ba.