Tarihin injin caca da ƙaryar "saura ƙiris"

Jama'a, tunda zancen cacar waya ya cika gari, bari mu ɗan waiwaya mu ga inda abin ya samo asali.

A ƙarshen ƙarni na 19, wani makaniki mai suna Charles Fey ya ƙera injin Liberty Bell a birnin San Francisco na Amurka. Faifai uku ke juyawa a cikinsa, ɗauke da hotuna iri biyar. Ka jefa sulalla, ka ja hannun ƙarfe, in ƙararrawa uku suka jeru ka ci senti 50.

Irin waɗannan injina lissafinsu a fili yake. In kowane faifai na da gurbi 20, haɗuwar da za ta iya fitowa 8,000 ce kacal, don haka babbar kyauta ba ta iya yin yawa sosai.

A 1984 labari ya canza. Inge Telnaes, ɗan asalin Norway, ya yi rajistar wata dabara a Amurka: kwamfuta ce za ta zaɓi lamba, faifan kuwa aikinsa nuna hoto kawai. A ba kowane faifai lambobi 256, haɗuwa ta haura miliyan 16. Kuma ana iya ba wa gurbin da ke gefen babbar kyauta lambobi da yawa, sai ka riƙa ganin faifai yana tsayawa dab da ita. Nan ne mutum zai dafe kai ya ce, "Kai, saura ƙiris!" Babu wani ƙiris, malam. Tun da ka danna aka gama yanke hukunci.

Wannan injin ne ya shigo wayoyinmu yau. Ba ya tuna asarar da ka yi jiya, balle ya ji tausayinka. In an saita shi ya mayar da kashi 95 cikin 100, to a kan kowace naira 100 da aka zuba, mai gidan caca na da 5. Ka daɗe kana juya kuɗin, a hankali za su koma wurinsa.

Hukuncin addini kan caca kowa ya sani. Amma wanda ya riga ya faɗa ciki, don Allah kada ya bi asara da bashi, kuɗin cefane ko kuɗin makarantar yara. Ya goge manhajar, ya faɗa wa wani da ya yarda da shi. Allah Ya tsare mana matasanmu.