Libarba mai babban baki: me ake nufi da kalibar, kuma wa take yi wa amfani a dajin Ƙonni?

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu wadda harsasanta ke zaune cikin wata ganga mai juyawa, galibi biyar ko shida. Duk lokacin da aka ja kunama, gangar ta juya ta kawo sabon harsashi daidai bakin bututu. Ba ta da sassa masu yawa, shi ya sa ba ta cika sarƙewa ba, ko harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama.

Kalibar ita ce faɗin harsashi. Amurkawa da inci suke aunawa, ƙasashe masu Faransanci kuwa da milimita. Harsashin .357 Magnum, wanda ya fito a 1935 tare da libarbar kamfanin Smith & Wesson, faɗinsa kusan milimita 9 ne. Shi ne kuma ke cikin Manurhin MR 73, libarbar da aka ƙera a Faransa a 1973, wadda jandarmomin rundunar GIGN suka daɗe suna riƙewa. Na .44 Magnum ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1950, faɗinsa kusan milimita 11. Sai .500 Magnum na 2003, milimita 12,7, wanda bindigarsa ke ɗaukar harsashi biyar kawai, nauyinta kuma ya kai kilo 2.

A Amurka masu shiga daji kan yi gardama a kan waɗannan ukun, kuma gardamar tana da tushe: a jihar Alaska akwai wata dabba mai suna beyar wadda ƙaramin harsashi ba ya tsayar da ita. To amma ƙarfi yana da kuɗinsa. Ƙarin girman harsashi na nufin ƙarin nauyi a ƙugu, ƙarin ƙara a kunne, da shurin da bindigar ke yi wa hannu, har harbi na biyu ya kauce. Mutum da yawa sun fi saiti da .357, wadda kuma ke karɓar harsashin .38 Special mai sauƙin shuri. Ita .44 tsaka-tsaki ce. Ita kuwa .500, wanda zai wuni yana tafiya a ƙasa da wuya ya so ta.

Idan aka dawo gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, lissafin ya sauya gaba ɗaya. A ƙoramun Majiya da gonakin gero babu wata dabba da ke buƙatar irin wannan harsashi. Abin da maharbi ke bi shi ne zabon daji, fakara da zomo, kuma harsashi guda mai nauyi ko dai ya kuskure su ko ya ragargaza naman. Saboda haka doguwar bindigar kalibar 12, mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, ita ce ta farauta, tare da bindigar toka da maƙera ke ƙerawa ana ɗura mata albarushi ta baki. A nan lamba 12 ba milimita ba ce, bakin bututun ya haura milimita 18. Bindigar toka tana da araha, sai dai bututun da ba a gwada ba yakan fashe a hannun mai shi idan an cika ɗuri. Maciji, wanda shi ne haɗarin yau da kullum ga manomi, takalmi da sanda sun fi maganinsa.

Sai batun doka, wanda ya fi kowane kalibar nauyi. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Farauta kuma tana da tata takardar daban daga ma'aikatan gandun daji, bisa doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, wadda ta kuma hana harbin wasu namun daji. Samun ɗaya ba ya maye gurbin ɗayar. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ake riƙe ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Agadas, ranar 25 ga Satumban 2000, an ƙona makamai a bikin Wutar Zaman Lafiya.

Ƙonni tana fuskantar Illelar jihar Sakkwato ta Najeriya (kada a haɗa ta da Illelar jihar Tawa), kuma ta wannan iyaka satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa suka addabi ƙauyuka a shekarun nan. Wannan ne ke sa wasu 'yan kasuwa da makiyaya tunanin bindigar aljihu. Libarba mai harsashi shida, wadda saitinta ba ya nisa, ba ta ja da 'yan bindiga masu AK-47 a kan babura. Wanda kuma jandarma ko sojan sintiri ya tare a daji da bindiga ɓoye cikin riga ba takarda, kotu zai fuskanta, idan ma ba a ɗauke shi ɗan ta'adda ba tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya gāji bindiga daga mahaifi ko kaka, ofishin jandarma ko na 'yan sanda mafi kusa ne wurin tambayar yadda ake yi mata takarda ko miƙa ta.