Bikin cika shekarar yaro: yadda ake shirya shi

A ƙasar Hausa, babban bikin yaro shi ne suna, ranar bakwai da haihuwa. Bikin cika shekara kuwa baƙon abu ne. Daga birane irin su Maraɗi ya fara shiga garuruwan kewaye kamar Safo, cikin gundumar Madarumfa. Ba dole ba ne. Amma ga iyayen da suka yi niyya, akwai abubuwan lura.

Da farko a san ranar. Iyaye da yawa sukan ce an haifi yaro "da kaka" ko "bayan azumi", amma makaranta da asibiti rana da wata suke tambaya. Dokar Nijar ta shekarar 2019 ta ba da kwana 60 don a bayyana haihuwa. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu. Wanda ɗansa ba shi da takardar haihuwa, gara ya fara da zuwa ofishin magajin garin Safo kafin ya je kasuwa.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kada a buɗe rumbu a sayar da hatsi saboda shagalin yini ɗaya. Tiyar da aka sayar da araha lokacin kaka, da tsada ake sayo ta da damina, lokacin da tamowa ta fi kama yara. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da shekarar 2005 ba. Gudummuwar biki ma bashi ce, domin ana rama ta. Uwar da ke cikin asusu irin na Mata Masu Dubara tana iya ware ɗan abu kowane mako tun da sauran lokaci.

Yaro ƙarami ba ya son dogon taro. Yaran gida da na maƙwabta sun isa. A yi da hantsi, a inuwa, kafin rana ta yi zafi. Ƙosai, shinkafa da wake, da kwaɗon zogale sun fi alewa amfani. A wanke wa yara hannu da sabulu, a ba su ruwa mai tsabta. Kada a ba ƙananan yara gyaɗa ɗaiɗai ko alewa mai tauri, domin tana iya shaƙe su. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma.

A makon bikin, a ɗauko katin rigakafi a duba. Allurar ƙyanda, wato dusa, da ta shawara ana yin su ne yaro yana da wata 9. Idan an tsallake su, a kai shi asibiti, a kuma auna nauyinsa.